Humrar Innata da Kyandirin Garki: Tarihin Ƙamshi Daga Kurmi Zuwa Wad Madani

Da farko ina neman afuwa bisa shirun da kuka ji na kwana biyu. Lafiya ƙalau, hidimar gida ce, sai kuma wani aiki da na ɗora wa kaina wanda ya cinye mini kusan wata takwas, shi ne kuma zan ba ku labarinsa yau. Waɗanda suka saba karanta ni sun san cewa ni haifaffiyar Wad Madani ce a ƙasar Sudan, aure ya kawo ni Nijeriya a 2004, kuma tun daga lokacin nake zaune a Garki, nan Abuja. A can ana ce mana Fallata ko Takari, wato mutanen yamma. Da na zo yamman kuma sai aka sa mini 'yar Sudan. Na daɗe da daina jin haushin wannan, domin na lura ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. Har turaren da muke shafawa haka yake, duk inda ya je baƙo ne, duk inda ya je kuma ɗan gida ne.

Ɓarnar da na yi

A 2018 na je gida, ashe ganin ƙarshe ke nan tsakanina da Innata. Da zan dawo ta ba ni kwalba uku ta humra, haɗin hannunta ita da Goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda duk unguwarmu ba a haɗa turaren amarya sai an kira ta. Allah Ya yi wa Inna rasuwa a 2020, ban samu zuwa ba saboda an rufe filayen jiragen sama lokacin annobar korona. Kwalba biyu suka ƙare a hankali, ta ukun na ɓoye a ƙasan akwati. Sai yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, a watan Disamba na shekarar ya iso Madani. Goggo ta fita zuwa Kassala daga ita sai kayan jikinta.

To, autana yana da ciwon asma, likita ya ce a rage hayaƙi a ɗaki. Mai karatu, ka ce wa macen da ta tashi a gidanmu ta ajiye kaskon turaren wuta, kamar ka ce ta daina sa gishiri a miya ne. Na gwada kyandir mai ƙamshi irin na manyan shagunan Abuja, sai na ji gidana yana ƙamshin alewa da kek. Shi ne a farkon 2025 na ce me zai hana in yi nawa. Na sayi kaki, na narka, na ɗauko kwalbar Inna na tuttula kusan rabinta a ciki.

Wallahi ba zan manta ba. Humrar ta ƙi shiga kakin, ta kwanta a ƙasa kamar laka. Da ya daskare na kunna, wutar ta yi ta tartsatsi, garin ya toshe lagwanin, ta mutu. Ƙamshin kuwa zafi ya riga ya kore shi tun a tukunya. Na zauna a kicin na yi kuka mai isata. Da na aika wa Goggo saƙon murya, amsar da ta dawo da ita, da irin Hausarta ta Sakkwatawan da suka bar gida shekara ɗari da wani abu, ita ce: "Ɗiyata, mi ya kai ki? Humra ba a dafa ta bisa wuta, jiki shi ka dafa ta." Daga nan na ɗauri niyyar sanin abin da ke cikin kwalbar nan, da inda kowane abu ya fito.

Abin da ke cikin kwalba

Matan Sudan sun kasa kayan ƙamshi gida biyu: busassu da masu laushi. Busassun su ne itacen sandal, da mahalab, da ƙanumfari, da farce, da almiski. Masu laushin su ne mayuka, irin su sandaliyya da mahalabiyya da surratiyya. Kafin biki ana ware rana guda, sunanta da Larabci daggar riha, wato dakan turare. Mata su taru da turmi da taɓarya, a daka busassun, a kwaɓa, a shafe cikin tukunya da kwaɓin, a kife ta a kan hayaƙin sandal, a kankare, a sake kwaɓawa, a sake kifewa. Sai ya sha hayaƙi ya ƙoshi sannan a zuba shi a kwalba, a bi shi da turarukan ruwa, a toshe, a manta da shi wata da watanni.

Abin mamaki, duk cikin jerin nan babu abin da ake nomawa a bayan gidanmu. Sandal na Indiya ne, musamman yankin Maisur, inda Sarki Tipu Sultan ya mai da shi itacen sarauta a 1792. Ƙanumfari asalinsa tsibiran Maluku na Indunusiya, a ƙarni na 19 ne gonakinsa suka cika Zanzibar da Pemba; sunansa ma daga Larabci muka aro shi, ƙaranful. Mahalab ƙwallon wani ɗan itace ne na ƙasashen Sham da Turkiyya. Farce kuwa murfin bakin wata dodon-koɗi ce ta teku, ana samunta a Bahar Maliya. Larabawa suna ce masa dufur, ma'anarsa farce, mu ma muka ce farce, saboda kamarsu ɗaya da na yatsa. Ɗanyensa ƙarni yake yi, sai an jiƙa, an kankare, an soya shi, sannan ya zama abin da ke riƙe sauran ƙamshin kada ya gudu. Wato kwalbar Inna mai tsawon tafin hannu ta haɗa Indiya da Indunusiya da Sham da Bahar Maliya, kafin ma a zo kan turarukan Faransa.

Kasuwar Kurmi a 1851

Da ina ɗauka ƙamshi abu ne da mu 'yan gabas muka koya wa mutanen nan. Karatu ya gyara mini zama. A watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarkin Kano Usman, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya shiga Kano, ya kuma rubuta lissafin kayan da ke shigowa kasuwar Kurmi, kasuwar da aka kafa tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A cikin lissafin akwai kayan ƙamshi: jawul, da sumbul, da ƙanumfari, ya ƙiyasta su wuri miliyan 15 a shekara. Man wardi kuma ya ware shi daban, ya ƙiyasta shi wuri miliyan 40, ya ce kaɗan ne ke kaiwa ga rumfunan kasuwa, yawancinsa a gidajen sarakuna da manya yake ƙarewa, ko a saye ko a kyauta. A lokacin wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya, ka ga man wardi kaɗai ya tasam ma dala 16,000.

A duba nisan tafiyar kayan nan. Jawul ƙaro ne na wata bishiya a tsibirin Sumatra, Larabawa suka sa masa lubban jawi, wato lubban na Jawa. Sumbul ɗin da Barth ya gani kuwa saiwar wata 'yar ciyawa ce da ke fitowa a kan duwatsun Alps na ƙasar Ostiriya. Ana haƙo ta can cikin sanyi, a shanya, ta bi ta tashoshin jiragen ruwan Bahar Rum, ta sauka Tarabulus, ta hau raƙumi ta Gadamas da Gat da Azbin, ta zo ta ƙare a kaskon wata uwargida a Kano.

Ba kuma na waje kaɗai aka dogara da shi ba. Ƙasar Hausa da Barno suna da nasu: kajiji da ake haƙowa a fadama, da saiwar jema, da ƙaron hano, da na dashi. Akwai kuma juda ko jibda, maiƙon da ake kankarowa daga jikin tunkun juda. Larabawa suna ce masa zabad, daga nan Turawa suka samo nasu sunan. Ɗanyensa ba ya shaƙuwa don wari, amma in an tsarma shi ƙwarai sai ya ba turare ɗumi irin na jikin mutum. Manyan gidajen turare na Faransa sun daɗe suna sayensa daga Habasha, har turaren Chanel No. 5 da Ernest Beaux ya haɗa a 1921 da shi aka fara. Wato abin da kakanninmu suka sani tun tuni, shi ne matan Faris suka riƙa saye da tsada.

Hanyar gabas

Yanzu bari in zo kan yadda aka yi mu muka tsinci kanmu a bakin Kogin Nilu. Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bi shi. Ranar 27 ga Yuli, 1903 aka kashe shi a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'ar suka ci gaba da tafiya, har suka sauka a gefen Shuɗin Nilu kusa da Sennar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Kakan mahaifina yana yaro aka goyo shi a wannan tafiya. Da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, mutanenmu da yawa suka shiga aikin auduga, shi ne namu gidan ya koma Madani.

Hanyar da suka bi kuwa tsohuwar hanyar alhazai ce: Kano, Barno, Wadai, Darfur, Kurdufan, a ƙetare Nilu, a kai Sawakin ko Port Sudan, a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Mutum kan yi shekaru a tafe, ya tsaya ya yi noma ko ɗinki ya tara guzuri, ya ƙara gaba. Wasu su isa Makka su dawo, wasu su zauna a hanya. Masu dawowa ba da tasbaha da zamzam kaɗai suke dawowa ba. Suna zuwa da sandal da mahalab, matansu kuma suna zuwa da abin da suka koya a zauren matan Sudan. Sunayen da kansu shaida ne: humra ita ce khumra, dilke ita ce dilka, durot ɗin da ake sa wa a turaren wuta itacen darot ne. Maiduguri ce zangon farko a wannan gefen, shi ya sa matan Barebari da Shuwa suka zama gwanayen abin, suka haɗa shi da nasu kajijin, suka fitar da salon da ya zama nasu.

Ina da maƙwabciya Babarbariya, dattijuwa, wadda rikicin da ya taso a Barno tun 2009 ya dawo da ita Abuja wurin ɗanta. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, to ba ma haɗuwa a matakala ba mu taɓa ba. In ta ce mu muka sato ƙamshi a wurinsu muka gudu gabas da shi, sai in ce ai mu muka aiko musu da shi a bayan jaki. Gaskiyar magana, hanyar nan ba ta taɓa zama ta zuwa kaɗai ba.

Binta Sudan, 'yar Landan, mazauniyar Kano

Babu abin da ya fi nuna haka kamar 'yar kwalbar nan da kowa ya sani, Bint El Sudan, wadda a nan ake ce wa Binta Sudan. Ina yarinya na ɗauka a Omdurman ake yin ta. Ashe kamfanin W.J. Bush na Landan ne ya haɗa ta a 1920, bayan wani wakilinsa mai suna Eric Burgess ya je Sudan ya ga irin ƙamshin da mutane ke so. An yi ta da mai, babu sifirit a ciki, don haka Musulmi suka karɓe ta hannu bibbiyu, alhazai kuma suka yaɗa ta a duk tsawon hanyar da na ambata. Kamfanin ya haɗe da wasu biyu a 1966 ya zama Bush Boake Allen, sannan kamfanin IFF na Amurka ya saye shi a 2000. An kuma shafe shekaru masu yawa ana ɗura ta a Kano. Ka ji 'yar Sudan da aka haifa a Landan ta yi zaman aure a Kano. Duk sanda na ga kwalbar sai in ce ga takwarata.

Haka su ma turarukan ruwa da ake ƙarasa humra da su. Goggo ta lissafa mini nata da irin lafazinmu, sai da na sha wahala kafin na gane su a rubuce: Rêve d'Or na gidan L.T. Piver, wanda ya fito a 1889, da Soir de Paris na Bourjois, na 1928, wanda shi ma Ernest Beaux ɗin nan ne ya haɗa shi. A Turai an daɗe da ɗaukarsu turaren tsofaffi, amma a wurinmu sun zama kayan gado. A nan kuma na gano laifina na farko: turarukan nan da sifirit da ɗan ruwa ake yin su, kaki kuwa dangin mai ne. Ruwa da mai ba sa zama a ƙwarya ɗaya su zama abu ɗaya.

Shi kuma kyandir fa?

Kyandir ba tsohon ɗan gida ba ne a wurinmu. Larabawa suna da ƙindil, Turawa suna da tasu kalmar mai kama da ita, dukansu kuma daga Latin suka samo. Abin da kakanninmu suka sani shi ne fitila, ita ma kalmar Larabci ce mai nufin lagwani: ɗan kasko, da man kaɗanya ko man gyaɗa, da zaren auduga, daga baya aci-bal-bal da fitilar ƙwai suka zo da kananzir. Aikin fitila haske, aikin kasko ƙamshi, ba a haɗa musu aiki.

A Turai ma kyandir ya daɗe yana wari, domin da kitse talaka ke yin nasa, na kakin zuma sai coci da masu hali. A shekarun 1820 Bafaranshe Michel Chevreul ya gano yadda ake ware sashe mai tauri daga kitse. A 1830 Karl von Reichenbach ya gano kakin farafin, a 1834 Joseph Morgan na Manchester ya ƙera injin da ke fitar da kyandir 1,500 a awa ɗaya, a 1850 kuma James Young ya yi rajistar hanyarsa ta tatso farafin daga kwal. Da lantarki ya ƙwace aikin haske, sai kyandir ya nemi wata sana'ar, ya koma ƙamshi da ado. Kakin waken suya da yawancinmu ke amfani da shi yau a farkon shekarun 1990 aka fito da shi a Amurka.

Su ma mayukan ƙamshin da ake zubawa a ciki, yawancinsu haɗin ɗakin bincike ne. A 1868 William Perkin ya haɗa sinadarin kumarin, a 1874 aka haɗa na banila a Jamus, a 1888 Albert Baur ya yi kiciɓis da almiskin roba yana tsakar binciken abubuwan fashewa. Wannan bai dame ni ba, ya ma taimake ni. Kumarin ɗin nan yana cikin abin da ke ba mahalab ƙamshinsa, don haka na samu hanyar kawo mahalab cikin kaki ba tare da garinsa ya toshe mini lagwani ba.

Yadda na haɗa nawa

Haɗa ƙamshi da awo tsohon ilmi ne. Tun ƙarni na 9 Al-Kindi ya rubuta littafi a Bagadaza mai ɗauke da haɗe-haɗen turare fiye da 100. A zamanin nan kuma Jean Carles na garin Grasse a Faransa, wanda ya rasu a 1966, shi ya shahara da karantar da ɗalibai su kasa ƙamshi hawa uku: na sama mai saurin tashi ya wuce, irin lemo, na tsakiya, irin wardi da ƙanumfari, da na ƙasa mai daɗewa, irin sandal da almiski da jawul. Ya ce a fara gini daga ƙasa, a ɗauki abu biyu a gwada su tara da ɗaya, takwas da biyu, bakwai da uku, har a kai inda suka daina rigima da juna. An ce mutumin nan hancinsa ya daina jin ƙamshi a ƙarshen rayuwarsa, amma ya ci gaba da haɗawa da ka. Wannan ya ƙarfafa mini gwiwa, domin Goggo ma daga Kassala da ka take yi mini gyara, waya ba ta ɗaukar ƙamshi.

Matsalar ita ce awon Goggo. In na ce giram nawa, sai ta ce: "Cikin tafi guda, in ya yi za ki ji." Sai na sayi ƙaramin sikeli da ma'aunin zafi da littafin rubutu. Madarar turare da kajiji da farce a kasuwar Garki nake samu. Nakan ɗiga haɗin a auduga, in rufe a kwalba, in bar shi ya kwana, da safe kafin in shiga kicin in shinshina, in buɗe ta Inna in gwada, in rubuta. Gwaji na 23 ne ya fara kama hanya. Ga shi, don mai son gwadawa, a kan kaki giram 200:

Kakin waken suya giram 160, kakin zuma giram 40. Kakin zuman dole ne a nan, domin na waken suya yana narkewa tun wajen digiri 50, zafin Abuja na watan Maris kuwa kan sa shi gumi tun ba a kunna ba. Na zuma sai ya haura 60. Man ƙamshi giram 16, wato kashi 8 cikin 100 na nauyin kakin: sandal 6, almiski 3, jawul na ruwa 2, wardi 2, ƙanumfari 1, mai ƙamshin mahalab 1, lemo 1. A narka kakin a tukunyar da aka ɗora cikin wata mai ruwa, kada a ɗora shi kai tsaye a wuta. A zuba man yana wajen digiri 80 zuwa 85, a juya minti biyu a hankali, a bari ya sauko wajen 60 sannan a zuba a mazubi. Sai haƙuri: mako biyu a rufe kafin a kunna. A tabbata man na kyandir ne ko madara ce zalla, ba mai sifirit ba. Kada a zuba gari ko itace a ciki. Kada a bar shi yana ci ba kowa, kuma in akwai mai ciwon ƙirji a gida a buɗe taga, a taƙaita, domin shi ma ba a rasa shi da nasa ɗan hayaƙin.

Mazubin ma da tarihinsa. Garki da muke ciki ƙauye ne tun kafin dokar 3 ga Fabrairu, 1976 da gwamnatin Murtala Muhammed ta kafa sabon babban birni da ita, tun kafin gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. Tsohon ƙauyen yana nan a tsakiyar gine-gine. Sunan Abuja kansa aro ne daga garin da yanzu ake kira Suleja, wanda Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ya kafa a 1828. A can ne Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, ta shiga a 1954. Matan Gbagyi gwanayen yumɓu ne tun fil azal, don haka na je Ushafa na sayo 'yan ƙananan kasake. A nemi masu shafen gilas a ciki, domin yumɓu tsurarsa yana tsotse kaki, yana iya kama wuta.

Abin da ya rage

Da mako biyu suka cika na kira maƙwabciyata, na kunna, na yi shiru. Ta daɗe tana jan numfashi, sannan ta ce: "'Yar Sudan, kin yi ƙoƙari. Amma wannan amarya ce da ba ta shiga hayaƙi ba." Na ce: "Hajiya, ai hayaƙin nake gudu." Ta ce: "To ki ba kakin ya sha a waje, ya shigo ɗaki da labari."

Nan take na tuna tukunyar da ake kifewa ranar dakan turare. Na shafe cikin wata tasa da kaki mai laushi, na fita baranda, na zuba sandal da ɓawon dushe a garwashi, wato itacen da a Sudan muke ce wa talha, wanda matan aure ke turara jiki da shi. Na kife tasar, na kankare, na sake shafawa, har sau bakwai. Da wannan kakin na yi gwaji na 31. Ranar da na kunna shi, babbar 'yata ta dawo daga makaranta, ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ta ce: "Umma, ɗakin Haboba." Shekararta goma sha uku rabonta da ɗakin.

Ba zan ce muku humrar Inna ce ba. Babu farce a ciki, babu watannin da take yi a kwalba, babu hannun mata goma sha da suka yi dakan suna guɗa. Kyandir ne mai kama da ita, kamar yadda Hausata take kama da ta Sakkwato.

Sojojin Sudan sun karɓe Madani a Janairun 2025, bayan wasu watanni Goggo ta koma. Ta tarar an fasa gidan an kwashe komai, har akwatin kwalabenta da ta tara tun tana amarya. Abu ɗaya aka bari saboda nauyi, dutsen niƙan kakarmu. Na aika mata kuɗin sandal da mahalab, ta ce in Allah Ya ba ta rai da lafiya ita za ta daka na bikin jikarta. Ni kuma yanzu duk abin da ta faɗa a saƙon murya sai na sa ta maimaita, in auna a sikeli, in rubuta. Ragowar kwalbar Inna, kamar yatsa uku, na mai da ita ƙasan akwati, ba za ta sake fitowa ba sai ranar.

'Yan uwa, wanda duk yake da tsohuwa a gida mai irin wannan sani, ko na turare, ko na rini, ko na girki, ya ɗauki biro ya zauna kusa da ita tun yau. Masu haɗin Maiduguri ko na Damagaram kuma, ina son jin yadda kuke gyara farce a wajenku, domin nawa har yanzu yana ɗan ƙarni. Allah Ya ji ƙan Inna da dukkan magabatanmu, Ya zaunar da Sudan da Nijeriya lafiya.

Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.